Takalman Toma

A shagon Ogbonna da ke PZ suka haɗu. Toma ya zo neman sabon madannin gem, wasan nan na bidiyo, ita kuma Ƙauna ta rungumo sifikar da babanta ke jin wa'azi da ita, wadda ta daina magana. Ogbonna ya jujjuya ta ya ce sai dai sabuwa.

Toma malamin fiziks ne a wata sakandare a Samaru, kuma ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ya karɓa, ya liƙe abin da ya tsinke a ciki, ya haɗa ta da wayarsa ta bulutut ya gwada. Sifika ta tashi.

Ƙauna ta yi godiya, ta nuna iyafis ɗin da ke wuyansa. "Me kake ji ɗazu da kake ta lumshe ido?"

"Waƙar coci ce," ya ce, ya cusa shi cikin riga.

Ƙarya ya shirga. Kiɗan Turawan ƙasashen sanyi ne da ake ce wa bilak metal, irin mai taruwa a hankali kamar hadari: gita na kuka, ganga na gudu, can ƙasa wani ƙato na kwarara ihu. Toma na son kiɗan nan kamar ransa, yana kuma jin kunyarsa fiye da komai.

Soyayya ta kama su. Ya koya mata gem, ba a jima ba ta fi shi.

"Farfesa, na kashe dodon da ya gagare ka. Ka koma aji ɗaya," ta rubuto masa.

"Haskena, hasken rana ma sai ya yi tafiya kafin ya iso. Ke kuwa ina rufe ido kin iso."

"Wannan ma fiziks ne?"

"Wannan ya fi ƙarfin fiziks."

Ba abin da bai gaya mata ba, tun daga taurari har rasuwar mahaifiyarsa. Kiɗan ne kaɗai ya ɓoye, don babanta dattijon ikkilisiya ne, tsohon direban jirgin ƙasa da ba a kawo masa wasa.

Ranar gaisuwa Toma ya zo gidansu a Sabon Gari tare da Kawu Sati. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Toma ya durƙusa cikin sabon wando matsattse, Kawu ya gyara murya ya ce sun zo neman iri. Garin ƙara rusunawa, wayar da ke aljihun Toma ta dannu. Sifika kuwa tana kan kabad, ba ta manta da mai gyaranta ba.

Ihu ya cika falo. Mama ta saki tiren kunu tana "Jinin Yesu!" Kawu Sati, da girmansa da babbar rigarsa, ya tsinci kansa a bayan ƙofa. Toma ya laluba zai kashe, sai ya ƙara murya.

Da aka samu shiru, Ƙauna na tsaye a bakin labule.

"Toma, wannan ce waƙar cocin?"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ta ƙi, sai ya fita da gudu. Sai da keke ya kai Palladan ya lura ƙafarsa ba takalmi.

Martins mai kaɗa fiyano a cocinsu, wanda ya daɗe yana zawarcin Ƙauna da ido, ya samu abin yi. Kafin Lahadi ya gama baza cewa malamin nan ɗan ƙungiyar asiri ne. Baban Ƙauna ya ce a bar maganar auren. Toma ya kulle kansa a ɗaki, gem ɗin ma ya daina masa daɗi, kiranta kuma ya kasa ɗagawa don kunya.

Sai saƙonta ya shigo.

"Ba ihun ne ya ɓata min rai ba, ƙaryar ce. Baba ya ce takalmanka suna nan, ba zai aiko ba, ba zai yar ba. Mai su ya zo da ƙafarsa. Ni dai ina nan."

Ya je. Ya tarar da Baba a baranda, takalman a gefensa, sifikar a kan cinyarsa.

"Kunna. Daga farko."

Toma ya kunna, kansa a ƙasa. Baba bai motsa ba har kiɗan ya ƙare.

"Me yake faɗi?"

"Daji ne, Baba, da ruwan sama, da kewar wanda ya tafi. Akwai masu saɓo cikin masu irin kiɗan, ba na jin nasu."

"Kai me ya kai ka?"

Toma ya ɗago kai. "Da mahaifiyata ta rasu, ni ne babba. Aka ce namiji ba ya kuka, ban yi ba. Sai na samu wani yana yi min."

Baba ya kalli titi.

"Washegarin da aka binne yayana, ni na ja jirgi zuwa Kaduna," ya ce. "A tsakiyar daji na riƙe ƙaho na ƙi saki. Ba saniya a kan hanya, ba mutum."

Ya turo takalman da ƙafa. "Sa kayanka. Kiɗan nan ba daɗi, gaskiya, amma ƙarya ta fi shi muni. Ƙauna na ciki, je ka ba ta haƙuri."

Ƙauna na bayan taga, ta gama jin komai, idonta ya cika.

"Haskena, ki yafe min. Tsoro na ji ki gudu."

"Wa ya gudu a cikinmu, Farfesa?"

Ya yi dariya, hawaye na zuba masa, bai kuma share ba.

Ranar ɗaurin aure Baba ya tare ango a ƙofar coci ya miƙa hannu. "Kawo wayar." Sai da fasto ya gama, 'yan Zumuntar Mata suka yi guɗa, sannan ya mayar masa. Ya dafa kawunansu ya ce Ubangiji ya sa albarka, ya ba su gidan da ba a ɓoye kuka a cikinsa. Kawu Sati ya amsa da amin mai ƙarfi.

A mota, hanyar Samaru, amarya ta zaro iyafis daga aljihunsa, ta sa ɗaya a kunnenta, ɗaya a nasa. Ta saurara jim kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Baba ya yi gaskiya, ba daɗi."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, har suka isa gida ba ta cire ba.