Jan Layi Biyu a Littafin Makulli

Abin da Insifeta ya fara lura da shi wani farin ƙyalle ne. An lulluɓe allon kwamfutar da shi tsaf, gefe da gefe daidai. A ƙarƙashin teburin kuwa, inda akwatin na'urar yake zama, ba komai sai shatin ƙura da wayoyi a naɗe.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Saje. "Ya yi sata, ya gyara ɗaki."

Shugaban makarantar bai yi dariya ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Yallaɓai, aikin jarrabawar ɗalibai arba'in da uku ne a cikin akwatin nan. 'Yan ajin kasuwanci, shekarar ƙarshe. Ƙarfe biyu na yau hukumar jarrabawa za ta rufe karɓa. In ba mu tura ba, sai baɗi."

Insifeta ya dubi agogo. Goma da kwata. A baranda ɗaliban sun yi cirko-cirko, wata na kuka a hankali tana cewa babanta ba zai sake biya mata ba.

Ƙofa lafiyarta ƙalau. Gilashin taga ɗaya ya fashe, amma ɓaraguzan duk a waje suka zube.

Aka kira malamin kwamfuta, wani matashi.

"Wa ya kulle ɗakin nan jiya?"

"Ni, Yallaɓai. Ƙarfe huɗu."

"Mai gadi ya ce uku da rabi ka fita a babur."

Ya sunkuyar da kai. "Ina koyarwa a wani wuri da yamma. Don Allah kada Shugaba ya ji. Na rataye makullin a ofis na sa hannu."

"Kai kake lulluɓe na'urorin?"

"Ni? Ban ma san muna da ƙyalle ba."

"Ba ka ajiye aikin a wani wuri daban ba?"

"Yau na yi niyya."

A ofis Insifeta ya buɗe littafin makulli. Sa hannun ƙarshe na malamin kwamfuta ne, uku da rabi. A ƙarƙashinsa an ja layi biyu da jan biro, miƙaƙƙu, da rula. Ya juya shafukan baya. Wasu ranaku akwai layukan, wasu babu.

Ya fita baranda, ya nuna wa ɗalibar da ke kuka layukan.

"'Yata, wannan fa?"

Ta share hanci. "Rufe littafi ne. In an gama lissafin rana ana jan layi biyu. Mama Rula ce ta koya mana. Ko takardar cefane ta gani sai ta rufe ta."

Mama Rula ita ce malamar lissafin kasuwanci. Shekara ashirin da takwas tana koyar da shi tare da buga keken rubutu, har bara da aka kwashe kekunan aka zuba kwamfutoci. Suka same ta a ɗakin malamai, dattijuwa da tabarau, jakarta a kan cinya.

"Mama, ƙarfe nawa kika tashi jiya?"

"Biyu, ɗana. Ƙafata ke damuna."

"Ke kike rufe littafin makulli?"

"In ni ce ta ƙarshe."

Ta ji abin da ta faɗa. Insifeta ya ajiye littafin a gabanta, ya ɗora yatsa a kan uku da rabi, sannan ya gangaro da shi kan jan layin.

"Sha ɗaya saura, Mama. Yaran can naki ne."

Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

"Maki na shiga in sa musu," ta ce. "Shekara guda ina cewa na iya kwamfuta. Wa zan tambaya? Malamin kwamfuta, yaron da ni na koya wa riƙe biro? Na jira kowa ya tafi. Na danna wani abu, na'urar ta yi min tambaya, na ce e. Sai na ga wajen fayau. Aikin yara duka, ɗana. Na kashe na kunna, na kashe na kunna."

"Sai kika fasa taga."

"Na ce in sata ce, wataƙila hukuma ta ɗaga musu ƙafa. In kuwa ni ce..." Ta mayar da tabarau. "Wata bakwai ya rage min in yi ritaya."

Akwatin yana cikin sito, bayan tsofaffin kekunan rubutu, shi ma a lulluɓe. Saje ya rungumo shi da gudu.

Malamin kwamfuta ya jona wayoyi, ɗalibai sun cika tagogi ba mai ko tari. Ya buɗe kwandon sharar na'urar, inda abin da aka goge yake taruwa. Ya danna sau biyu.

"Ga su nan," ya ce a hankali. "Duka arba'in da uku. Ba inda suka je."

Baranda ta kaure da ihu. Malamin ya juyo wajen Mama Rula, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba Mama. Minti ɗaya ne fa. Da kin kira ni."

Insifeta ya yi gyaran murya. "Shugaba ya riga ya shigar da ƙara. Sai mun je ofishinmu kin ba da bayani."

Ta gyaɗa kai. Farin ƙyallen ya faɗi ƙasa, wani ya taka shi. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta ninke gida huɗu, ta ajiye a gefen teburin. Sannan ta rataya jakarta ta bi bayan Saje, ta ratsa ta tsakiyar ɗalibanta.