Gurbin da Ustaz Wagdi Ya Bari

Ranar Alhamis, rana ta kusa faɗuwa, Nermin ta sauka daga bas a unguwar Manshiyya da jakar kwamfuta a kafaɗa. Aikin rabin awa ne ya kawo ta. Haka dai ta gaya wa uwarta, wadda ta riga ta ɗora shinkafa ta sa kifi a kasko.

Ammu Sabri, mai gadin ginin, yana kan bencinsa da kofin shayi. Ya dube ta, ya dubi sama, ya kira ta yadda ake kiran mace injiniya a garin.

"Bashmuhandisa, yanzu? Mutane na sauka ke kina hawa?"

"Rabin awa ne, Ammu Sabri."

"Duk injiniyan da ya ce min rabin awa, sai na ci abinci na yi sakace bai sauko ba." Ya miƙa mata makulli. "Ɗakin Ustaz Wagdi ko? To ki bar ƙofa a buɗe. Shi haka yake yi."

"Zafi yake ji?"

"Ke dai ki bar ta a buɗe, 'yata."

Ta yi dariya ta haye bene. Hawa huɗu, babu kowa, duk ma'aikata sun tashi. Ɗakin na can ƙurya, taga ɗaya mai murfin katako, sai tebur da tsohuwar kwamfutar da ba a taɓa kashewa. Mace ita kaɗai a hawa guda, wa zai ga laifinta? Ta tura ƙofa ta rufe.

Kamfanin na ajiye kayan 'yan kasuwa ne a bakin tashar jiragen ruwa. Manhajar da suke aiki da ita Ustaz Wagdi ya rubuta ta shekara goma sha biyar da suka wuce, kafin ya yi ritaya. Da Turanci ya yi ta. Yanzu ana so ta koma Larabci, wato komai ya juya daga dama zuwa hagu, kuma Nermin aka ba aikin. Irin wannan manhaja ba da hannu ake zana tagoginta ba. Rubutu ake yi a fayil: nan akwati, faɗinsa kaza, tsayinsa kaza, sunansa kaza, can kuma maɓalli. Sai a miƙa wa magini, manhajar da ke karanta rubutun ta tayar da taga a allo.

Tagogi goma sha takwas sun juya lafiya lau. Babbar ce kaɗai ta ƙi. Da an juya ta sai wani fili ya buɗe a gefe, ya ture komai, har maɓallin rufewa ya faɗa bayan allo. Kwana uku tana fama da ita daga gida, shi ya sa ta zo ta ga asalin fayil ɗin a kwamfutar mai shi.

Ba ta yi minti goma ba ta gano. Layi huɗu ne a tsakiyar fayil. Akwati ne wanda babu komai a cikinsa, ba launi, ba rubutu, ba iyaka. Sunansa wasu haruffa ne barkatai da ba su ba da wata kalma ba. A samansa an rubuta: *Kada a taɓa. Wagdi.*

Nermin ta ja tsaki. Ita fa mace ce mai tsabtar aiki, ko cokali ta gani ba a wurinsa ba sai ta gyara. Ga kuma tsofaffin nan, kowa ya bar shirginsa sai ya liƙa masa "kada a taɓa," kamar kabarin waliyyi.

"Yi haƙuri, Ustaz," ta ce. Ta shafa layukan huɗu ta goge.

Ta yi niyyar kwafar fayil ɗin kafin ta taɓa shi. Wallahi ta yi niyya. Filashin na cikin jaka, ta manta.

Ta danna magini. Manhajar rubutun ta ƙifta sau biyu ta mutu. Da ta sake buɗe ta, maɓallin komawa baya ya dushe, babu abin da zai dawo. Ko a jikinta. Ta sake danna magini, ta jingina da kujera. Ɗabi'arta ce in tana jiran gini ta ƙirga abin da ke gabanta. Ta ƙirga tayil ɗin ƙasa daga ƙafar tebur zuwa ƙofa. Goma sha biyu, masu zanen fure, ɗaya ya tsage.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin bayan layi. Wani ya karɓa daga nesa.

Tagar ta fito a allo tsaf, babu fili, komai a jere. Har ta fara murmushi, sai ta lura maɓallin rufewa bai dawo ba. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta danna maɓallan da ke rufe kowace taga a duniya. Taga na nan tana kallonta.

Sai warin ya zo.

Ba warin teku ba ne, wannan ta saba da shi. Wari ne irin na kabad ɗin da aka shekara ba a buɗe ba, danshi da tsohuwar tabarma da tokar turare.

Hon ɗin motoci ya ɗauke. Mai tallan lemo a ƙasa ya yi shiru a tsakiyar kira. Fankar kwamfuta kaɗai ke juyawa, kuma a ƙarƙashin ƙararta akwai wata ƙara, kamar tafin ƙafafu marasa takalmi suna gyara tsayuwa. Ba mutum ɗaya ba.

Ta miƙe, ta ɗauki jaka. Ta murɗa hannun ƙofa. Ya juya sumul, ƙofa ba ta motsa ba. Ta sa makulli, ya juya. Ta ja da hannu biyu. Kamar bango take ja.

"Ammu Sabri!"

Muryarta ba ta wuce bakinta ba sosai. Ta koma taga ta girgiza murfin katakon. Ta tsakanin katakan da ɗazu haske ke shigowa, yanzu babu komai, ko fitilar titi.

Ta juyo. Idonta ya sauka a ƙasa, bakinta ya ƙirga ba tare da ta sa shi ba.

Goma.

Ta sake ƙirgawa da yatsa. Goma. Wanda ya tsage ɗin ya shige ƙarƙashin bango, rabinsa kawai ake gani.

Ta yi a'uziyya, ta fara Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta rasa inda take. Ta laluba waya. Sanda ɗaya ce ta sabis, tana zuwa tana tafiya. Lambar Ustaz Wagdi na jikin takarda a gefen allo, da rubutun hannunsa. Ta buga.

"Wa ke magana?" Muryar tsoho, ana jin talabijin a bayansa.

"Ustaz, Nermin ce, wadda aka ba manhajarka." Raɗa take yi. "Ina cikin ɗakinka. Ƙofa ta ƙi buɗuwa."

Aka kashe talabijin.

"Kin goge akwatin."

"Babu komai a cikinsa, Ustaz."

"Wa ya gaya miki?" Ya ja numfashi. "Saurara, kada ki waiwaya. Bayan kujerarki da akwai wani lungu a bango. Tun kafin a haife ni ba a sa komai a ciki, kowa ya san da masu shi. Shekarar da na fara aiki manaja ya sa aka toshe shi da siminti. Abin da muka gani a watan da aka toshe shi ba zan faɗa miki yanzu ba. Ni na roƙe su, na ba su wuri a cikin manhajar, tunda kwamfutar ba ta mutuwa. Suka karɓa. Yanzu kin fitar da su, kuma dole su zauna a wani wuri."

Wani abu ya goga a bango ta bayanta, a hankali, kamar ana jan buhu.

"Me zan yi?"

"Mayar musu. Inda kika cire. Faɗi saba'in, tsayi saba'in. Kada ki rage ko ɗaya. Sunan kuma, ki saurare ni da kyau, kada ki kuskura ki..."

Wayar ta mutu a kunnenta.

Takwas.

Ta zauna. Kujerar ba ta ja baya kamar ɗazu, bango ya tokare ta. Ta nemo wurin a fayil ɗin. Ta buɗe akwati. Faɗi saba'in. Tsayi saba'in. Ta rufe. Ta danna magini.

Jan rubutu ya fito a ƙasan allo: *Akwati ba shi da suna.*

Suna. Haruffan nan barkatai. Ta runtse ido tana neman su. Akwai K a farko? Ko Q? Ta kalle su sau ɗaya, da raini, ta goge. Ta buga wasu haruffa yadda suka zo mata.

*Ba a karɓi wannan suna ba.*

Ta rubuta *akwati*. Ta rubuta *gurbi*. Ta rubuta *baƙi*.

*Ba a karɓa ba. Ba a karɓa ba.*

Shida.

Kabad ɗin takardu ya yi ƙara, ƙarfensa ya lanƙwashe, fayiloli suka zubo. Tebur ya matso ya danne mata ciki. Iskar ɗakin ta yi nauyi, ta yi ɗumi, irin ta bas ɗin da ya cika. Ta ji kafaɗa a jikin kafaɗarta ta dama. Ta ji wata a hagu. Wani ƙaramin abu ya jingina da ƙafarta, kamar yaron da barci ya kama a tsaye.

Ba ta waiwaya ba.

Numfashi ya sauka a bayan kunnenta, mai sanyi, mai warin toka.

"Ina za mu zauna?"

Muryar tsohuwa ce. Babu fushi a cikinta. Gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

Huɗu.

Ƙofa ta matso daf da tebur. Gwiwar hannunta ta bugi bango. Ba ta iya buɗe ƙirji ta shaƙi iska. Ta tuna uwarta tana juya kifi tana duban agogo. Hawaye ya rufe mata allo. Kanta ya zama fanko, babu kalma ko ɗaya a ciki, sai guda ɗaya da yatsunta suka fi sabawa da ita, wadda take bugawa kullum da safe in za ta shiga kwamfuta.

Ta buga. Ta danna.

Layin magini ya fara tafiya. Rabi. Ya tsaya. Ya ci gaba.

*An gama.*

Tagar ta fito, da filinta a gefe, fanko kamar da.

Nauyin ya janye daga kafaɗunta, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙafarta ne ya tashi a ƙarshe. Hon ɗin mota ya faso ɗakin. Mai lemo ya ƙarasa kiransa. Ƙofa ta buɗe da kanta, ga Ammu Sabri tsaye yana haki, da tocila a hannu.

"Tun ɗazu nake bugu, 'yata! Ba na ce ki bar ta a buɗe ba?"

Ta bi ta gefensa ta sauka hawa huɗu da takalmi ɗaya.

Ranar Asabar ta je gidan Ustaz Wagdi a unguwar Bakus. Ya sa aka kawo mata shayi, ya saurare ta har ta gama, yana murza carbi.

"Alhamdu lillahi da kika fito," ya ce. "Wane suna kika sa?"

Ta kau da kai.

"Bashmuhandisa. Wane suna?"

"Haruffa na fara sawa, irin naka. Suka ƙi."

"Za su ƙi mana. Sau ɗaya ake yi musu wannan wayon. Ni da gangan na sa abin da ba sunan kowa ba ne, don kada su sami wanda za su kira." Ya ajiye carbin. "Naki kika sa."

Ta gyaɗa kai.

"Sai a canza, Ustaz. Layi ɗaya ne."

"Kafin sabon suna ya zauna sai an cire tsohon an sake gini. Minti nawa ginin yake ɗauka, kin ƙirga ai. Ni dai na tsufa, ba zan zauna a ɗakin nan ba. Ke za ki zauna?"

Shayin ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Manhajar na nan tana aiki da Larabci. Nermin ta matsar da maɓallin rufewa zuwa ƙasa ta bar filin yadda yake, ta rubuta a saman layukan huɗu: *Kada a taɓa.* Ba ta sa hannu ba. Ma'aikata na ƙorafin filin ya ɓata tsari, tana jin su ta yi kamar ba ta ji ba.

A gida kuwa, ta cire ƙofar ɗakinta ta jingine a baranda. Kuma tun daga ranar ba ta amsa kira in ba ta ga bakin mai kiran ba. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji, ta ce girman kai ne na masu digiri, mutum ya yi ta kira daga kicin kamar yana kiran bango. Nermin ba ta taɓa yi mata bayani ba. Ta yaya za ta yi?

Ran nan da magariba suna zaune a falo, uwar na gefenta tana tsince shinkafa a faranti, bakinta a rufe. Daga kicin, da muryar uwar tata sak, aka ce a hankali:

"Nermin."

Hannun uwar ya tsaya a cikin shinkafar. Ta ɗago ta dubi 'yarta. Sannan ta ajiye farantin, ta kama wuyan hannunta ta riƙe gam.

"Kada ki amsa," ta ce.