Bakin Turbo Inci Uku

Ranar da Orrin ya fara ganin Tamsin, tana durƙushe gaban taraktarsa a filin gasar jan nauyi na garinsu a Ohio, da dunƙulen ƙarfen awo a hannunta. Aikinta ke nan. Doka ta ce bakin turbo, inda inji ke zuƙar iska, kada ya wuce inci uku. In ƙarfen ya ƙi shiga ka tsira, in ya shige kai mai maguɗi ne.

Ƙarfen ya ƙi shiga. Ta ɗago ta ce injin lafiya lau, mai shi ne dai ke bukatar wanka. Orrin ya tafi yana murmushi har ya manta hularsa.

Kafin girbin masara sun shaƙu. Tana ce masa Baƙin Hayaƙina, yana ce mata 'Yar Awo. Ya tura mata saƙo: "Yau kunya uku na ja a karkace, ke ce sanadi."

Ta amsa: "Miƙe su. Ba na auren mai karkatacciyar kunya."

Amma mahaifinta, tsoho Kuhl, shi ne shugaban alƙalan gasar, kuma shi ya kori uban Orrin shekarun baya saboda faɗaɗa turbo. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba zai haɗa jini da ɗan mai maguɗi ba.

Sai Orrin ya ƙudurta cin gasar ƙarshe da tsabta. Mako guda ya yi yana goge tarakta da samfefa, har bakin turbon sai da ya koma madubi, don dai Tamsin ta ga ya yi kyau.

Ya kuwa ja nauyin har ƙarshen fili, ya zo na ɗaya. Brant, wanda ya daɗe yana neman Tamsin tana ƙi, ya kai ƙara a sake awo gaban jama'a.

Ta durƙusa. Ƙarfen ya sulale ciki ba gardama.

"Gado ba karambani ba," in ji Brant, yadda kowa zai ji. Aka yi ta jifan Orrin da totuwar masara. Ubansa ya tashi daga cikin 'yan kallo ya fita kansa a ƙasa. Tamsin da bakinta ta karanta hukuncin a lasifika, korar shekara guda, muryarta ko rawa ba ta yi.

Ya rubuta mata: "Wallahi ban faɗaɗa ba. Gogewa na yi saboda ke."

Kwana tara ba amsa. A na goma ta ɗauki turbon da alƙalai suka ƙwace ta dire gaban mahaifinta, ta ce ya duba da idonsa. Tsohon ya jujjuya shi, ya aika a kira Orrin.

"Mai maguɗi rabin inci yake ƙarawa. Kai kaurin gashi ka cinye. Ba ɓarawo ba ne kai, yaro, wawa ne."

"Na gode, Baba."

"Wawa ina iya ba shi 'yata. Amma korar tana nan, kuma ba zan hau lasifika in wanke ka ba."

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin, kujerun ɓangaren ango rabi ba kowa. A bakin ƙofa Tamsin ta riƙe hannunsa mai kanta, ta ce a hankali, "Ko gobe ka sake, zan sake korar ka, Baƙin Hayaƙina."

Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sanyaya musu bakin mutane.