Yumɓun da Ba a Bari Ya Bushe

"Ke dai ki ce ba kya sona kawai, Lorna! Ki faɗa, in san inda dare ya yi mini!"

"Haba Emmett... rage murya mana, Baba na barci."

"Kullum Baba na barci! In ba barci ba Baba na cin abinci, in ba haka ba ana neman takalmin Baba. Ni yaushe layi zai zo kaina?"

Lorna ta ajiye butar feshin da ke hannunta. A tsohon garejin da mahaifinta ya mayar ɗakin aiki suke tsaye, a tsakaninsu wani dunƙule bisa teburi, naɗe da jiƙaƙƙun tsummoki da leda.

"Santa Fe ba bayan gida ba ne," ta ce a sanyaye. "In na bi ka, wa zai riƙa jiƙa Mama?"

"Yumɓu ne, rabin raina. Yumɓu!"

Ta ɗago ta dube shi, nan take ya yi nadamar maganar.

Mu da muka tashi a Youngstown babu wanda bai san Wendell Prokop, mahaifin Lorna, ba. Lokacin da masana'antun ƙarfe suka rufe, iyayenmu maza suka zauna suka yi tagumi, shi kuwa ya bi kango-kango yana tsintar ƙarafan da aka watsar, yana haɗa su da walda. 'Yan unguwa suka ce ɗan Prokop ya zare. Bajen kolinsa na farko a wani rumbun kaya aka yi a Cleveland, kujeru sun fi mutane yawa. Matarsa Noreen ce ta tuƙa akori-kurar da ta kai kayan, ita ce kuma ta tuƙa ta zuwa Chicago, daga baya har New York, inda jaridu suka soma kiransa gwani. Sai ga masu cewa ya zare suna bugun ƙirji wai tare suka yi makaranta.

Duk tsawon aikinsa bai taɓa ƙera fuskar mutum ba. Sai da Noreen ta rasu ya rataye hular walda, ya sayo yumɓu, ya soma gina siffar kanta. Bai gama ba har yau. Yumɓun da ba a gasa ba kuwa ɗan lele ne, in ya rasa ruwa sai ya tsage. Da mantuwa ta fara cin tsohon, jiƙon ya dawo wuyan Lorna, 'yarsa tilo.

Emmett Salazar mai zubin tagulla ne. Gyaran wani aikin tsohon ya kawo shi gidan, idon Lorna ya hana shi komawa. Yanzu ga shi an ba shi shugabancin wata maƙera a Santa Fe, ga zobensa a yatsarta.

"Yi haƙuri, bakina ne ya suɓuce," ya ce yana kama hannunta. "Amma saurara. Gidan kayan fasahar birni za su baje ayyukan Baba gaba ɗaya, ko ba haka ba? Misis Halloran da ke shirya abin ta ce tana son a sa kan Mama a ciki. Ki bar ni in zuba shi da tagulla. Tagulla ba ta shan ruwa, Lorna. Gwaggonki Irene kuma ta gaji da roƙon a kai mata ɗan'uwanta gidanta a Akron."

"Yumɓun fa?"



"Sai an lulluɓe shi da abin ɗaukar siffa, in aka cire kuwa... ba ya komawa yadda yake."

Kwana biyu Lorna ba ta iya cin abincin kirki ba. Tana son Emmett, so irin wanda in ta ji ƙarar motarsa a layi sai cokali ya faɗi daga hannunta. Ta kuma gaji, gajiyar da take kunyar faɗa wa kowa.

Ta jira ranar da kan tsohon ya washe, suna shan kofi da safe, ta tambaye shi.

"Noreen a bajen koli?" Ya yi dariya har kofi ya zuba a rigarsa. "Ai ta cancanta! Duk inda aka rubuta sunana a bango ita ta kai ni, nata ko sau ɗaya ba a rubuta ba. A zuba ta, 'yar nan. A rubuta shi da manyan baƙaƙe!"

Ranar da Emmett ya zo ɗaukar aikin, ya warware tsummokin a hankali, sai ya tsaya cak.

"Lorna... zo ki gani."

Ta daɗe rabon da ta kalli fuskar da kyau, feshi kawai take ta rufe. Mama tana da faɗin hanci da tabo a haɓa, tun faɗuwar da ta yi daga bayan mota a Chicago. Babu tabon yanzu, hancin ma ya sirance.

"Wannan ai ke ce," Emmett ya ce ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin ta gane abin da ya sa Baba yake ƙura mata ido kowace safiya kafin ya shiga gareji. Fuskar matarsa ce take guje masa, yana cike gurbin da tata. Ta toshe bakinta, hawaye na bin yatsunta.

"In fasa?"

"Ɗauka," ta ce da sauri. "Ɗauka kafin in canza shawara!"

Makonnin da aka yi ana zubin, tsohon ya yi ta leƙa garejin. In ta ce masa Mama tana maƙera, sai ya gyaɗa kai ya koma bakin taga, kamar mijin da matarsa ta tafi ganin gida.

Ranar Asabar da yamma aka buɗe bajen kolin. Akwatunan Lorna na ɗaure a bayan motar Emmett, na Baba kuma a motar Gwaggo Irene. Jama'a sun cika zauren, har da waɗanda ba su bambanta aikin fasaha da tulin bola, kowa da kofin gilashi a hannu yana gyaɗa kai irin na masana.

Lorna ta riƙo hannun mahaifinta suna zagawa. Ya tsaya gaban wani dogon aiki da ya yi tun tana goyo, ya shafa ɗinkin waldar.

"Kai! Wanda ya yi wannan ya san wuta. Ɗan ina ne?"

"Ɗan garinmu ne, Baba."

"A gaishe shi."

A ƙuryar zauren aka ɗora Mama, fitila na haska ta, ga sunanta a bango da manyan baƙaƙe kamar yadda ya nema. Fuskar tsohon ta cika da murna.

"Noreen! Ashe nan kika ɓuya?"

Ya saki hannun Lorna ya ƙarasa da saurinsa. Ya ɗora babban yatsa a kumatun, ya danna yadda ya saba yi kowace safiya. Yatsan bai shiga ba. Ya sake dannawa, ya gwada goshi, ya gwada leɓe.

"Ta bushe..." Muryarsa ta karye. "Wayyo, ta bushe! Wa ya bar ta ta bushe?"

"Baba, tagulla ce. Kai ka ce a..."

"Ban gama ba! Bakinta bai yi daidai ba, ba haka take murmushi ba! Noreen, yi haƙuri, ban san inda na tafi ba..."

Jama'a suka juyo. Tsohon ya tuɓe kwat ɗinsa, ya fizgi kofin ruwa daga hannun wata baƙuwa ya juye a kan kwat ɗin, ya naɗe kan tagullar da shi yana lallashi. Mai gadi ya taso, Misis Halloran ta tare shi da hannu, ita ma idonta ya ciko.

"Ruwa! Ku taimaka mini da ruwa, jama'a!"

Lorna ta waiga. Emmett na tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa. Suka kalli juna. Sannan ta je teburin baƙi ta ɗauko tulun ruwan gaba ɗaya, ta tsaya kusa da mahaifinta tana zubawa a hankali, shi yana gyara naɗin.

"Yawwa 'yar albarka... za ta yi laushi, ko?"

"Za ta yi, Baba. Gobe ma zan sayo maka sabon yumɓu."

"Za ki zauna mini in duba?"

"Zan zauna."

Da ta fito waje, ta tarar Emmett ya riga ya sauke akwatunanta, ya jera su a gefen matakala. Idanunsa sun yi jajir.

"Ni na zuba ta," ya ce. "Da hannuna."

"Ni na ce ka ɗauka."

"Zan jira ki, Lorna. Komai daɗewa."

"Kada ka jira, masoyina..." Ta zare zoben, ta sa a tafinsa, ta dunƙule masa yatsun da hannuwanta biyu. "In ka jira, wata rana zan kama kaina ina ƙirga wa Baba kwanaki. Ba zan iya yafe wa kaina wannan ba."

 Daga cikin zauren muryar tsohon ta taso, yana kiran suna da ƙarfi.

"Noreen! Noreen, ina kika shiga?"

Lorna ta share fuskarta da bayan hannu, ta juya.

"Ga ni nan zuwa!" ta amsa.