Muryar Da Ta Narke a Faifai

Audugar ta yi baƙi ƙirin a hannun Jemimah.

Ta ƙara dubawa. Ashe ba datti take gogewa ba, fuskar faifan ce ke narkewa, tana danƙo a yatsunta kamar kwalta.

"Wayyo Yesu..." ta ce a hankali, cikin shagon kaset na yayanta da ke unguwar PZ.

Faifan na Baba Abiodun ne, mahaifin Akinola, saurayin da ta ɗora wa duk zuciyarta. Tsohon ya daɗe yana buga ogan, kayan kiɗan nan mai kama da piyano, a coci kafin idonsa ya mutu. Abin da ya rage masa a gidansa na Samaru shi ne garmaho da wasu faya-fayai masu nauyi da wani malami Bajamushe ya bar masa. Opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi duka da waƙa, an ɗauke ta da Jamusanci tun kafin yaƙin duniya na biyu.

Ranar da Akinola ya fara kai ta gida, kunya ta hana ta ɗaga kai. Baba ya sa aka ɗora faifai. Muryar wata mata ta taso, siririya, tana hawa tana sauka. Jemimah ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma hawaye suka ɓalle mata. Baba ya ji shessheƙarta, ya tambaye ta me ta ji. Ta ce kamar matar tana sallama da wanda ba zai dawo ba.

Tsohon ya ce wa ɗansa kada ya kuskura ya saki yarinyar nan.

Mama Modupe, matarsa, ta ce sam. Mai sayar da kaset, wadda ko firamare ba ta gama ba, kuma ba yarensu ba? Ita tuni ta zaɓa wa ɗanta Scholastica, 'yar ƙawarta, 'yar jami'a, wadda tun tana ƙarama take taya Baba goge faya-fayan da busasshen ƙyalle.

Don ya nuna wa matarsa ya yarda da Jemimah, Baba ya damƙa mata garmahon da faya-fayan ta juye masa su a kaset, abin da bai taɓa bari ya fita ƙofar gida ba.

Da safen nan Scholastica ta leƙo shagon tana fara'a. Ta shafa faifan da Baba ya fi so, na matar nan mai sallama, ta yatsina fuska, ta ce ai da dattin nan ba abin da zai fito sai ƙara. Ta dubi kwalbar sifirit da ke kan tebur, ta yi murmushi, ta tafi.

A shagonsu kuwa duk abin da ya yi datti, kan rediyo ko faifan CD, auduga da sifirit ne maganinsa. Jemimah ba ta yi tunanin komai ba, don ba ta san sifirit na narkar da irin waɗannan tsofaffin faya-fayan ba.

Da yamma Akinola ya kai ta Samaru, ta mayar da garmahon da faya-fayan. Ta durƙusa gaban Baba, Mama na tsaye tana cewa ai ga ribar jahilci nan. Scholastica, da ke wurin, ta rantse ita ba ta ambaci sifirit ba. Kuma gaskiya ne, ba ta ambata ba.

Baba ya shafa faifan da yatsunsa, ya ji inda layukan suka shafe.

"'Yata, kin riƙe waƙar?"

"Baba, ban san kalmomin ba..."

"Rera haka nan."

Ta rera da rufaffen baki. Tsohon ya jingina kai, hawaye na bin kuncinsa. Ya ce ya yafe mata, da Kirsimeti za su je gaisuwar neman aure gidan su Jemimah.

Bai kai Kirsimeti ba.

Bayan biso Mama ta faɗa wa dangi baƙin cikin faifan ne ya kashe mata miji, kuma suka yarda. Ta ce za ta koma Ibadan da ɗanta, in ya ƙi bin ta, ya nemi wata uwar.

Ranar tafiyar Akinola ya shigo shagon rungume da garmahon, idanunsa jawur.

"Jemi, masoyiyata... Mama ni kaɗai gare ta."

"Na sani."

"Baba ya ce naki ne. Da faifan."

"Za ka dawo?"

Ya riƙe hannunta, ya saki, ya fita. A cikin motar da ke jiransa ta hango Scholastica zaune kusa da Mama.

Jemimah ta wana garmahon, ta ɗora faifan. Sai shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Can ƙasa-ƙasa muryar matar ta leƙo kaɗan, ta sake nutsewa.

Jemimah ta ɗauka daga inda matar ta tsaya, ta ƙarasa mata sallamar.