An Gwada Shi a Kwamfuta Goma Sha Biyu

Ranar Laraba da hantsi, ana tsuga ruwan sama, shugaban makarantar koyon sana'a ya shigo ofishin 'yan sanda na garin Ottapalam da lema a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Achuthan sunansa, mutum ne mai tsoron abin kunya fiye da tsoron mutuwa.

Sufeto Varkey ya karanta takardar a tsaye. An cire katunan hoto goma sha biyu, wato na'urorin da ke fitar da hoto a allo, daga cikin kwamfutocin ɗakin koyon zane, an maye gurbinsu da wasu tsofaffi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba.

"Wa ke riƙe da mukulli?"

"Malama Subaida, Yallaɓai. Ita kaɗai."

"Kai fa?"

"Ni ko hanyar ɗakin ban cika bi ba."

Ya ƙara da cewa hukumar makaranta ta ba shi zuwa Juma'a ƙarfe huɗu na yamma. In ba a samu ɓarawo ba, zai sa hannu a takardar dakatar da ita, sauran kuma na 'yan sanda ne. Ya faɗi haka yana goge goshi, ka ce shi za a dakatar.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Sindhu, wadda ita ce mai ɗan sanin kwamfuta a ofishin, suka shiga mota.

Sun tarar da Malama Subaida zaune a tsakiyar ɗakin, allo goma sha biyu kewaye da ita, kowanne baƙi ƙirin. Shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa a nan. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

Ta yi bayani dalla-dalla. Kwamfutocin, kamar na sauran makarantun yankin, Linux ke tafiyar da su, manhajar da kowa ke da ikon buɗe cikinta ya gyara. Ranar Litinin ta sabunta ta, kamar yadda take yi kowane zango. Tana sake kunnawa, allunan suka mutu. Ta ɗauka matsalar direba ce, wato 'yar ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin da ke cikinta. Kwana biyu tana cirewa tana sakawa. Da ta gaji, ta sa kwamfuta ɗaya ta lissafo kayan cikinta, sai ta ga sunan wani kati da ba shi aka kawo musu ba. Ta kwance akwatin, ta ga tsohon abu mai tsatsa.

"Ke kika sanar da shugaba?"

"Ni ce."

"Kin taɓa ba wani mukullin?"

"A'a."

Amsar ta fito da sauri fiye da sauran. Sufeto ya lura. Ya leƙa cikin akwatin, ya shafa katin da yatsa, ƙura ta biyo shi.

"Wannan ba jiya aka saka shi ba. In ya daɗe a ciki, me ya sa ɗalibai ba su gane ba sai Litinin?"

"Abin da ya hana ni sukuni ke nan, Yallaɓai. Irin wannan katin, manhajarmu ta daina gane shi tun shekaru. Bai kamata ya yi aiki ko na minti ɗaya ba, sai in wani ya zauna ya ɗora masa direba da hannu."

"Ke za ki iya?"

"Da ƙyar."

Amsar ba ta taimake ta ba ko kaɗan, ita ma ta san haka.

Daga nan suka nufi bakin tashar mota, shagon Shibu, wanda makaranta ta ɗauka yana duba kwamfutocinta. Sun same shi yana cin soyayyar ayaba da baƙin shayi. Ganin kaki ya sa ayabar ta tsaya masa a wuya.

Ya rantse kowane wata yana zuwa, yana buɗe kowace kwamfuta ya hure ƙura, kuma watan jiya katunan na asali ne ya gani da idonsa.

Sufeto ya ɗaga yatsansa, wanda har yanzu da sauran baƙi a kai.

"Wannan ƙurar ta cikin kwamfutar da kake hurewa ce. Ko dai ba ka zuwa, ko kuma kai ka cire katunan. Zaɓi ɗaya, ina sauri."

Nan take Shibu ya zaɓa. Rabonsa da ɗakin tun watan Yuni, yana dai leƙa ofis ya gaisa ya wuce. Kofur Sindhu ta ajiye masa tsohon katin a kan tebur, ya jujjuya shi, ya yi tsaki. Ya ce irin wannan a kasuwar birnin Coimbatore a kilo ake sayar da su. Shi kam ba ya taɓa waccan manhajar tasu mai sa ciwon kai, kuma duk garin nan ba mai iya tayar da wannan gawar a kanta sai 'yan taron Lahadi.

"Wane taro?"

"Waɗanda ke haɗuwa a saman ɗakin karatu na gari, Yallaɓai. Suna gyara wa mutane kwamfuta kyauta, suna kashe mana kasuwa. Ita ma Malamar ai 'yar cikinsu ce."

Kowace hanya Sufeto ya bi, sai ta dawo da shi kan matar nan. Abin ya fara ba shi haushi, don zuciyarsa ba ta yarda ita ce ba. Ɓarawo ba ya tona kansa da kansa.

Ranar Alhamis suka koma makarantar. Sindhu ta kwana da wata dabara: in sabuntawar ce ta kashe allunan, a tayar da kwamfuta ɗaya da tsohuwar manhajar da ke nan ajiye a cikinta. Subaida ta danna, ta zaɓa, suka zuba ido. Allon ya yi ƙyafta biyu, ya kawo haske.

Suka bi ciki har suka kai ga direban. Da hannu aka ɗora shi, ba shakka, shi ya sa sabuntawa ta karya shi. Inda aka saba rubuta sunan mai gyara an goge shi tas. Kwanan wata ne kawai ya rage.

Sindhu ta duba kalanda. "Rana ta uku ga hutun bikin Onam, Yallaɓai. Makaranta a rufe take kwana goma."

Sufeto ya juya ya kalli Subaida. Ta dafa tebur.

"Ina kike a ranar?"

"Gidan iyayena, a garin Tirur."

"Da mukullin?"

Ta kau da kai.

"Malama, gobe ƙarfe huɗu za a kore ki. Jibi ni da kaina zan zo da takardar kama ki, kuma ba na so. Wa kika ba?"

"Ba zai yiwu ya zama shi ba," ta ce a hankali. Daga nan ta kulle bakinta. Sufeto ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ambaci 'ya'yanta biyu. Hawaye kawai ke zuba, suna kuwa bai fito ba.

A mota Sufeto ya yi ta huci. Sindhu ce ta katse shi. Ta ce ta lura layi huɗu a cikin direban ba irin sauran ba ne, wani ne ya rubuta su sabbi don katin ya tashi. 'Yan taron Lahadin nan kuma ta san halinsu, ta taɓa zuwa taron nasu sau biyu: in ɗayansu ya gyara abu, ba ya iya barci sai ya saka gyaran a dandalinsu na intanet kowa ya amfana. Abin kunya ne a wurinsu mutum ya gyara ya ɓoye.

"Har wanda ya yi sata?"

"Mu gwada, Yallaɓai."

Ta kwafi layukan huɗu ta zuba a wurin bincike. Ba a ɗauki minti biyu ba ta miƙo masa wayar. Ga su nan, harafi da harafi, an saka su rana ta huɗu ga hutun Onam. A ƙasa mai gyaran ya bi ƙa'idarsu, ya faɗi inda ya gwada: "An gwada shi a kwamfuta goma sha biyu, duk sun tashi lafiya." Sai suna: K. Damodaran. Mutum tara sun yi masa godiya a ƙasa, har da wani daga Brazil.

Sufeto ya san sunan. Wa bai san Malam Damodaran ba? Tsohon injiniyan tarho ne, shi ya kafa taron Lahadi, rabin malaman kwamfuta na yankin a hannunsa suka koya.

Juma'a da azahar suka tsaya ƙofar gidansa da takardar izinin bincike. Sufeto ya sa an ɗauko Subaida, ya bar ta a mota. Tsohon ya fito da farin zani irin na mazan yankin da singileti, tabarau a goshi, ya yi musu maraba, ya sa matarsa ta dafa shayi.

"Malam, ka shiga makarantar koyon sana'a lokacin Onam?"

"Ban shiga ba. Ƙafata ma ciwo take a lokacin."

"Kwamfuta nawa gare ka a gidan nan?"

"Biyu."

"Saman ɗakin karatu fa?"

"Uku, ɗaya ta lalace."

"Biyar ke nan." Sufeto ya ajiye wayar a gabansa. "To a ina ka samu goma sha biyu?"

Malam Damodaran ya sauke tabarau ya karanta, ya sake karantawa, kamar ba shi ya rubuta ba. Ya ce wasu abokai ne suka gwada masa. Sufeto ya nemi sunayensu. Tsohon ya fara kame-kame. Ana cikin haka aka ji wani gurnani daga ɗakin baya, irin na fankoki da yawa. Sindhu ta tura ƙofar, zafi ya bugo ta. A kan shiryayyen katako ga katunan nan goma sha biyu a jere, wayoyi sun ɗaure su, kowanne da tambarin makaranta.

Tsohon bai ƙara musu ba. Ya zauna a kujera, ya faɗi komai. Shekara shida yana haɗa wata manhaja da za ta riƙa karanta wa makafi littattafan harshen Malayalam da murya. Aikin yana buƙatar katuna masu ƙarfi, ya nemi taimako ofis-ofis, aka yi ta yi masa dariya. Ga kuma katuna goma sha biyu a makaranta, yara na zana kujera da tebur da su, abin da tsohon kati ma zai yi. Ya ce wa Subaida zai gyara mata manhaja a lokacin hutu, ta ba shi mukulli ba ta ko tambaya ba. Niyyarsa ya mayar kafin Disamba.

"Ka goge sunanka a makaranta," in ji Sufeto. "Me ya kai ka saka shi a intanet?"

Tsohon ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Kwana biyu na yi kafin katin ya tashi. Akwai dubban mutane masu irinsa a jibge. In gyara in ɓoye? Ai wannan rowa ce, Sufeto. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

Sufeto Varkey ya ga ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya leƙa waje ya yafito Subaida.

Ta shigo ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta kalli katunan, ta kalli malaminta.

"Malam, ranar Litinin sau huɗu na kira ka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce in sake duba direban, wai akwai inda na yi kuskure. Kwana biyu ina neman kuskurena. Ranar Laraba na gaya maka za a kore ni, ka ce in yi haƙuri. Jiya Sufeto ya ce zai kama ni, ban faɗi sunanka ba."

"Sati ɗaya ya rage aikin ya kammala, 'yata. Sati ɗaya kawai. Da na gama, da na je da kaina."

"Ƙarfe huɗun yau ne, Malam."

Matarsa na tsaye da farantin shayi, ba wanda ya karɓa.

Sufeto ya kira shugaban makaranta a waya, ya ce ya yaga takardar nan, ya kuma shirya neman gafara a gaban malamai duka. Sannan ya umarci Sindhu ta kashe na'urar. Tsohon ya miƙe zumbur yana roƙo a bar ta ko zuwa dare, in aka kashe yanzu aikin wata guda ya tafi. Sindhu ta dubi Sufeto, ya gyaɗa kai. Fankokin suka yi ta raguwa har suka tsaya.

Ba a sa masa ankwa ba. Ya saka riga, suka fito da shi a tsakaninsu, maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Har ya sa ƙafa a mota sai ya waiwayo.

"Subaida, in kin mayar da katunan, ki fara cire direbana kafin ki kunna. In ba haka ba, zai yi karo da sabon."

"Na sani," ta ce. "Daga yau kar ka ƙara kirana 'yarka."

Kofur Sindhu ta rufe ƙofar, mota ta tashi.