Sunaye Ashirin da Ɗaya da Aka Soke

Yara, ku saurara. Na koyar a ƙauyuka da yawa kafin in tsufa, wasu a bakin teku, wasu a kan duwatsu. Yanzu duk sun fara cakuɗe mini a ka. Amma wannan labarin a Hinokidani ya faru, ƙauyen da ke ƙarshen hanya, inda bas ke juyawa. Na tabbata da haka, don a can nake zaune a lokacin.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, 'yar gidan Hosoya. Sunanta ya kwance mini. Na sha kiran sa, amma ya tafi. Abin da ban manta ba shi ne rubutunta. Duk makarantar babu mai hannu irin nata. Idan ta tsoma burushin rubutu a tawada, sai yara su kewaye ta suna kallo.

Malamarsu, Malama Tsurumi, kullum tana ce musu, "Ba a miƙa wa babba aiki da datti. Idan kun gama, ku sake kwafewa a sabuwar takarda."

Yarinyar ta riƙe wannan magana da kyau.

Su uku ne a gida, ita da babanta da kakarta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Baban yana aikin saran itace a daji mai nisa, ya fita da asuba ya dawo da yamma. Kaka kuwa tana da ciwon ƙoda. Sau uku a mako take shiga bas ɗin safe zuwa asibitin gari a yi mata wankin ƙoda.

A farkon sanyi majalisar gari ta yanke shawara. Daga ƙarshen watan Maris, bas ba zai ƙara hawowa Hinokidani ba.

"To, Kaka fa?" yarinyar ta tambayi babanta suna cin abinci.

Baban ya ajiye kwanon shinkafarsa. "Idan babu bas, sai dai ta koma gidan kula da tsofaffi da ke kusa da asibitin."

"Ta kwana can?"

"Ta zauna can gaba ɗaya."

Kaka ta yi dariya, ba har ciki ba. "Ka ji shi. Shekara hamsin da biyu ina share wannan gidan, yanzu za a kai ni inda za a riƙa share ni."

Akwai wata doka da ta ba talakawa dama. Idan mutum ɗaya cikin kowane hamsin na masu zaɓe ya sa hannu a takardar koke, dole magajin gari ya kai maganar gaban majalisa. A garinmu sunaye ɗari da tamanin ke nan. Wata ɗaya ake bayarwa, ba a ƙara ko kwana.

Baban yarinyar ne mai unguwa a shekarar. Shi da abokansa suka riƙa bi gida gida cikin dusar ƙanƙara. Ni ma ya zo mini. Na tuna ya ƙi shan shayi don yana sauri. Ko kuwa ya sha? Kai, ban sani ba. Na dai rubuta sunana, hannuna yana rawa kamar ganye.

Ranar ƙarshe suka ƙirga sunaye ɗari da casa'in da biyu. Baban ya jera takardun a kan tebur, ya tafi wanka yana 'yar waƙa.

Yarinyar ta zauna tana duba su. Sai ta kai ga takardar unguwar sama, ta mu tsofaffi. Sunaye ashirin da ɗaya ne. Layuka sun karkace. Wani ya tsallake gurbinsa ya shiga na maƙwabcinsa. Wata ta ɗiga shayi a gefe. Tsoho Ushijima, mai ƙona gawayi, ya bar shatin yatsansa baƙi ƙirin.

"Wannan za a kai wa magajin gari?" ta ce a ranta. "Ai sai su yi mana dariya, su ce 'yan dutse ba su iya rubutu ba."

Ta ɗauko sabuwar takarda cikin waɗanda suka rage. Ta kwafe sunayen ɗaya bayan ɗaya, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Ta saka ta a tsakiyar sauran. Tsohuwar kuwa ta jefa ta a murhu. Ba ta gaya wa kowa ba. So take sai an yi nasara ta ce, "Baba, ka san da hannuna a ciki?"

Washegari baban ya ɗaure takardun ya kai ofishin zaɓe.

Bayan mako biyu aka kira shi. Da ya dawo, ya daɗe a zaune a bakin ƙofa bai cire takalmansa ba.

"Lafiya?" in ji Kaka.

"Sun soke sunaye ashirin da ɗaya. Sun ce hannu ɗaya ne ya rubuta su. Doka ta ce kowa da hannunsa."

"Saura nawa?"

"Ɗari da saba'in da ɗaya. Tara muka rasa. Lokaci kuma ya wuce." Ya shafa fuskarsa. "Suna zargin ni na ƙirƙira. Sun ce maganar tana iya kaiwa ga 'yan sanda."

"Sun nuna maka takardar?"

"Sun nuna mini."

Ya sunkuya ya fara kwance takalmansa. Bai kuma dubi 'yarsa ba. Ai ya san rubutunta, shi ya saya mata burushinta na farko. Yarinyar tana tsaye a bayan labule, tana jin komai. Ta juya a hankali ta koma ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Baban ya ajiye muƙamin mai unguwa. A shago, idan ya shiga sai hira ta tsaya. Mutanen da suka sha sanyi tare da shi suka daina gaishe shi.

A makaranta wani yaro ya ce mata, "Ke, ki ce babanki ya rubuto mini takardar izini, gobe ba na son zuwa. Na ji ya iya hannun kowa."

Yara suka yi dariya. Ta sunkuyar da kai.

Da ta koma gida ta tarar Kaka ta fito da akwati tana ninke kaya.

"Zo ki taya ni," in ji Kaka. "Sun ce kaya kaɗan ake zuwa da su. Wannan bargon ki riƙe, ya fi ƙarfin akwatin. Tukunyar da nake tsuma kayan lambu kuma, ki riƙa juya tsamin kullum, kar ki bar shi ya mutu."

Yarinyar ta ninke riga biyu, ta fita waje, ta yi kuka a bayan rumbun itace.

Da safe ta tsaya a teburin Malama Tsurumi bayan yara sun fita.

"Malama, ni ce na rubuta sunayen."

Malamar ta ajiye jan alƙalaminta. "Zauna. Faɗa mini daga farko."

Ta faɗa mata duka, har da murhun.

"Na ga ta yi datti ne," ta ce. "Kin ce ba a miƙa wa babba aiki da datti."

Malamar ta gyaɗa kai. "Na faɗa. Laifina shi ne ban ƙarasa muku maganar ba. Aikin gida ake kwafewa. Sa hannu ba ado ba ne, shaida ce. Rawar hannun nan da kika gani, ita ce ke nuna cewa mutumin ya zo da kansa ya yarda."

"Za a kama ni?"

"Ban yi zato ba. Amma babanki yana ɗauke da kayan da ba nasa ba. Har yaushe za ki bar masa?"

Da yamma ta durƙusa a gaban babanta a kan tabarma, ta kai goshinta ƙasa.

"Baba, ni ce."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka gaya musu ba?"

"In je ofis in ce 'yata ce? Ke ma kin san ba zan iya ba." Ya ɗago ta. "Jira nake ki zo da ƙafarki. Kin daɗe, amma kin zo."

Kaka ta leƙo daga ɗaki. "Ashe ke kika haɗa mini akwati, mai hannun zinariya. To zo ki ci abinci, ba a gyara ɓarna da yunwa."

Washegari suka je ofishin zaɓe tare. Yarinyar ta yi bayani da bakinta. Ma'aikacin ya saurara, ya rubuta, ya ce an wanke babanta. Amma sunayen da aka soke sun soku. Koken ya mutu.

Daga nan ta fara bin gidajen unguwar sama, ɗaya bayan ɗaya, tana neman gafara. Kwana uku ta yi tana yi. Wasu suka ce ba komai. Wata tsohuwa ta rufe mata ƙofa. Ni da ta zo mini, ina jin lemo na ba ta. Na ga takalmanta sun jiƙe sharkaf.

Gidan Tsoho Ushijima ne na ƙarshe. Ya bar ta a tsaye cikin sanyi har ta gama.

"Wato rubutuna ne bai yi miki ba," ya ce.

"Ka yi haƙuri, Baba Ushijima."

"Kin san minti nawa na yi ina rubuta sunan nan? Har gumi na yi. Ke kuwa kika hura wuta da shi."

Hawaye suka fara zubo mata.

"Share fuskarki, ba a kashe gawayi da hawaye. Tunda takarda ba ta kai mu ba, ai ƙafa tana nan. Ba mu mutu ba tukuna."

Malama Tsurumi ce ta san sauran hanyar. Ko babu sunaye da yawa, wasiƙar roƙo tana iya shiga majalisa idan kansila ɗaya ya yarda ya ɗauke ta. Sai dai wannan ba ta da ƙarfin waccan. In sun ga dama su karɓa, in sun ga dama su watsar. Wata kansila, Oikawa, tsohuwar ungozoma, ta ce za ta ɗauka.

Muka sake sa hannu. Yarinyar ce ke danne mana takardar don kar ta zame. Ba ta taɓa alƙalamin ba ko sau ɗaya.

Ranar zaman majalisa, a tsakiyar Maris, mu ashirin da ɗaya muka shiga bas ɗin safe, da sandunanmu. Kaka ta zo, yarinyar da babanta ma. Direba ya dube mu ta madubi ya ce, "Yau kuma wa ya mutu?"

"Kai ne za ka mutu in aka soke bas ɗin," in ji Ushijima. "Ja mu tafi."

Muka cika kujerun 'yan kallo da ke saman bene. Wani kansila, Nagamine, ya miƙe ya ce bas ɗin fanko yake yawo, gari ba zai iya riƙe shi ba. Ba ƙarya ya yi ba, yawancin ranaku mutum uku ne ko huɗu a ciki.

Kansila Oikawa ta ɗaga wasiƙarmu. "Gaskiya ne, mutum huɗu ne. Ga su can a sama, ku dube su. Ɗaya daga cikinsu idan ta rasa asibiti mako guda, sai dai mu je jana'iza. Ba babban bas suke roƙo ba. Abin da zai kai su ya dawo da su kawai."

Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su miƙe tsaye. Kansiloli goma sha uku ne, ana neman bakwai. Biyar suka miƙe nan take. Na shida ya bi su. Saura ɗaya. Yarinyar ta damƙe hannun kakarta.

Wani dattijo a kujerar ƙarshe ya ɗaga kai ya dube mu. Ya dafa tebur, a hankali, ya miƙe.

Babban bas ɗin dai an soke shi, wannan ba mu samu ba. Amma aka sa ƙaramar mota mai kujeru tara, tana hawowa Litinin da Laraba da Juma'a, daidai ranakun asibiti. Da muka koma, Kaka ta sa yarinyar ta kwance akwatin, ta mayar da kowace riga inda take. Baban kuma aka koma gaishe shi a shago.

To, yara, ga abin da nake so ku riƙe. Kada ku gyara abin da ba naku ba sai kun tambaya, ko da alheri kuke nufi. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku bar wani ya ɗaukar muku.